Maganin Ƙwari da Sheƙar Tsuntsu

Duk wanda ya saba fita sallar asuba a unguwarmu ta Nassarawa ya san cewa da an idar, tun gari bai gama wayewa ba, itatuwan darbejiya da maɗaci da suka jeru a bakin tituna sukan ɗauka da kukan tsuntsaye. Tun daga wajen Gidan Ɗan Hausa har ka ɓulla filin sukuwa, ga kurciya, ga hasbiya, ga gwara, suna ta hayaniya sai ka ce 'yan makaranta an fita tara. Mu da muka buɗe ido muka tarar da haka, tsammani muke yi tsuntsaye sun cika gari. Amma tsohon da ke gadin gidanmu, wanda ya shigo Kano yana saurayi tun zamanin Gwamna Audu Bako, in na faɗi haka sai ya yi murmushi, ya ce suɗi ne kawai aka bar mana. Ya ce a da, da zarar bazara ta kama, shamuwa kan zo ta yi sheƙa bisa manyan itatuwa a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta, ungulu kuwa sai an yi ta kora a mayanka da bakin kasuwa. Ran nan har ya ƙure ni da tambaya, ya ce, "Kai da kake cewa jirgi mai saukar ungulu, ka taɓa ganin yadda ungulu ke sauka?" Na yi shiru, domin in ban da a hoto ban taɓa ganinta ba.

Abubuwan da suka rage tsuntsaye suna da yawa. An sare itatuwa, gini ya cinye fadamu da gonakin gefen birni, an sha fari a 1973 da 1984, ga kuma mu yara da danƙo a aljihu. Ni dai guda ɗaya zan ɗauka, watau maganin ƙwari na gona, kuma abin da ya sa na zaɓe shi wani abu ne da na gani da idona. A hutun Disamba da ya wuce na je gonar baffana a wajen Kura, na tarar ana shukar alkama. Irin da aka shuka an cuɗa shi da garin magani har ya sake launi. Bayan kwana biyu muka tsinci kurciyoyi uku a mace a bakin gona, daidai inda iri ya zube daga buhu, babu ko ƙwarzane a jikinsu. Na nuna wa Baffa, ya ce, "Ɗana, kurciya uku a dajin nan mece ce? Ɗaga kanka ka duba." Na ɗaga, sama kuwa cike take da su. Sai da muka koma makaranta na kai maganar ga malaminmu na kimiyya, ya ara mini littattafai, sa'an nan na gane gawar da ake tsinta a ƙasa ita ce ƙaramar ɓarna. Babbar ɓarnar a cikin sheƙa take faruwa, inda ba mai leƙawa.

Kafin in ci gaba, kada a ce ɗan birni ya zauna ƙarƙashin fanka yana zagin manoma. Da yawa daga cikin iyayenmu na nan unguwa suna da gonaki a Kura da Kadawa da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya sa ake noma rani da damina. Daga nan kuɗin makarantar wasunmu ke fitowa. Kowa ya san wake in ba a fesa masa magani ba sai dai a tashi da harawa. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har tumatir ya gagari talaka. Mutumin da ya ga haka ba za ka hana shi ɗaukar famfon feshi da fatar baki ba. Abin da nake so mu sani shi ne inda maganin ke zuwa bayan ya bar bakin famfo.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne lokaci. Yawancin ƙananan tsuntsayen ƙasarmu da damina suke hayayyafa, domin a lokacin ne ciyawa ta tsiro, ƙwari suka yi yawa, abinci ya wadata. To, a lokacin ne kuma manomi ya fi yin feshi. Magungunan da ke dangi da fiya-fiya jijiya suke kamawa. A jikin ƙwaro da tsuntsu da ɗan Adam akwai wani sinadari wanda aikinsa shi ne ya tsayar da saƙon da jijiya ta aika wa tsoka da zarar saƙon ya isa. Maganin sai ya hana sinadarin nan aiki, saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa, kamar ƙararrawar makaranta da ta maƙale. In tsuntsu ya ci da yawa, sai makyarkyata ta kama shi, numfashi ya gagara, ya mutu. In kaɗan ya ci ba zai mutu ba, amma zai yi kwanaki a takure, ba ya iya kiwo sosai, ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. Ku ɗauka uwa ce mai kwanci. Ƙwan da ta bari zai yi sanyi da dare, ko rana ta dafa shi, ko hankaka ya ɗauke. In kuwa ta riga ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan da ke jiran abinci sau da yawa a kowace sa'a ba za su kai kwana biyu ba. Saboda haka in ka tsinci tsuntsuwa ɗaya a mace da damina, ka ƙara da na cikin sheƙarta a lissafi.

Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan ɓoyuwa, wadda duniya ta koya daga maganin da ake kira DDT. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Paul Müller, shi ya gano a 1939 cewa wannan gari yana kashe ƙwari, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Bai kuwa ci kyautar a banza ba, domin maganin ya ceci mutane masu ɗimbin yawa daga zazzaɓin sauro da cututtukan da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Ga shi da araha, ga shi in an fesa yana daɗewa bai salance ba. Ashe wannan daɗewar da ake yabo ita ce illarsa. DDT ba ya narkewa cikin ruwa, amma yana narkewa cikin kitse. In ya shiga jikin halitta ba ya fita da sauri, sai ya maƙale a kitsenta, kamar asusun da ake sakawa kullum ba a fasawa. Ƙaramin kifi ya ci ƙwarin ruwa dubbai, ya gaji asusun kowannensu. Babban kifi ya ci ƙananan kifaye ɗaruruwa, ya gaji nasu. Tsuntsun da ya ci babban kifi shi ke kwashe gādon duka.

An ga haka ƙarara a wani tafki da ake kira Clear Lake a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wasu ƙananan ƙudaje sun dami masu zuwa shaƙatawa, sai aka zuba wani ɗan'uwan DDT mai suna DDD cikin ruwan a 1949 da 1954 da 1957. Abin da aka zuba bai taka kara ya karya ba, kimanin kashi 1 ne cikin kashi miliyan 50 na ruwa. Amma da wasu tsuntsayen ruwa masu kamun kifi ta nutso suka fara mutuwa aka auna kitsensu, sai aka tarar maganin ya ninka na cikin ruwa har sau 80,000. Kafin feshin, ma'aurata fiye da 1,000 ke hayayyafa a tafkin. Zuwa 1960 saura kamar 30. Wannan labari yana cikin littafin da wata mata mai suna Rachel Carson ta buga a 1962, mai suna Silent Spring, watau bazarar da ba a jin kukan tsuntsu, littafin da ya tashi hankalin Amurkawa ƙwarai.

Amma labarin da ya fi burge ni shi ne na wani Bature ɗan Ingila, Derek Ratcliffe. An sa shi ya ƙirga wani irin shaho mai tsananin gudu, wanda ke sheƙa a jikin duwatsu. Yana hawa yana leƙawa, sai ya riƙa tarar da fasasshen ƙwai a sheƙa bayan sheƙa, alhali iyayen suna nan da ransu. Me ke fasa ƙwan? Turawa suna da wata ɗabi'a tun da, ta tara ƙwan tsuntsaye: su huda, su tsiyaye abin da ke ciki, su rubuta shekara da wurin da aka samo, su ajiye a gidajen tarihi. Ratcliffe ya bi waɗannan tsofaffin ɓawo yana aunawa ɗaya bayan ɗaya, tun daga na wajen 1900. Ya tarar shekara da shekaru nauyinsu bai sake ba, sai daga 1947 ya faɗi kwatsam da kusan kashi 20 cikin 100. Shekarun nan kuwa su ne daidai lokacin da DDT ya shiga gonakin Ingila. Ya buga abin da ya gano a 1967. Daga baya aka fahimci yadda abin ke faruwa. Ɓawon ƙwai da kalsiyam ake gina shi, watau sinadarin da ke cikin ƙashi da alli, kuma cikin ƙasa da kwana ɗaya jikin tsuntsuwa ke shafa shi a jikin ƙwai kafin ta saka. DDT in ya zauna a jiki yakan rikiɗa ya zama DDE, shi kuwa ya toshe hanyar da kalsiyam ke bi. Sai a saka ƙwai mai ɓawo shafal. Uwa ta hau kwanci kamar yadda Allah ya hore mata, nauyinta ya fasa shi.

Ku duba yadda wannan ke yaudarar ido. Manyan suna nan suna shawagi, kowa na ganinsu, ba wanda zai ce an yi hasara. Sai sun tsufa sun mutu babu magaji sa'an nan a farga, bayan shekara goma ko fiye. A tsibirin Anacapa na Kalifoniya, inda dagwalon wata masana'antar DDT ya ɓata teku, kwasakwasa sun yi sheƙa 552 a 1970, ɗa ɗaya tak ya rayu. Gaggafar nan mai farin kai da Amurka ta ɗauka tambarinta, a 1963 ma'aurata 417 kaɗai aka sani a ƙasar in an cire Alaska. Da aka hana fesa DDT a gonakinsu a 1972 sai ta fara farfaɗowa, zuwa 2007 ta kai kusan ma'aurata 10,000. Shekara 35 ke nan ana jira.

Wani zai ce ai wannan labarin Turawa ne. To, mu ma an yi a gida. Tun daga tsakiyar shekarun 1950 gwamnati ta shiga yaƙi da ƙudan tsando, mai sa wa mutane ciwon barci, shanu kuma sammore. Ma'aikata suka bi kurmi-kurmi da bakin rafuka a ƙasar Arewa da famfo a baya, suna fesa DDT da wani mai ƙarfi da ake kira diyaldirin a jikin itatuwan da tsando ke hutawa, daga baya har da jirgi mai saukar ungulu. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an kori tsando daga fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 200,000, Fulani da manoma suka sami wurin zama. Aiki ne babba, ba mai musun amfaninsa. Sai dai wani masani ɗan ƙasar Holan, J. H. Koeman, tare da abokan aikinsa, cikinsu har da B. K. Na'isa na sashen yaƙi da tsando, sun bi bayan masu feshin suna duba abin da ya sami sauran halittu, suka buga sakamakon a 1971 da 1978. Sun tsinci gawarwakin tsuntsaye da yawa, musamman masu cin ƙwari a cikin kurmi, wasu iri kuma suka ragu ƙwarai a wuraren da aka fesa diyaldirin. A Zimbabuwe ma, inda aka yi irin wannan yaƙi da DDT, an tarar ɓawon ƙwan gaggafar da ke kamun kifi a tafkin Kariba ya ragu da kauri. Iyayenmu kuma sun san Gamalin, wanda wasu kan zuba a rafi don kifi ya taso. Kifin da bai shiga kwando ba, zalɓe ne ke tsince shi. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta hana diyaldirin, ta taƙaita DDT ga yaƙi da sauro da makamantansa, a 2009 kuma aka ƙara da sinadarin da ke cikin Gamalin.

Yanzu magungunan da suka maye gurbinsu ba su cika fasa ƙwai ba. Ta hanyar yunwa suke bi. Mutane da yawa ba su san cewa tsuntsayen da muke gani suna tsintar hatsi, irin su gwara da kabare da fakara da zabon daji, 'ya'yansu ba sa girma da hatsi ba. A makonnin farko sai da tsutsa da 'yan fara da gara, domin su ne ke da abin gina jiki. Kurciya da tantabara kuwa daban suke, su wani abu mai kama da nono suke amayo wa 'ya'yansu daga maƙoshi. To, in aka share ƙwari kakaf daga gona, uwa za ta yini tana yawo ta dawo da baki wayam. Maganin ciyawa ma, wanda yanzu ya kori fartanya a ƙauyuka da yawa saboda tsadar 'yan ƙwadago, haka yake yi ko da bai taɓa tsuntsu ba. A Ingila wani masani, Dick Potts, ya soma bin wata tsuntsuwa 'yar'uwar fakara a gonakin Sussex tun 1968. Ya nuna cewa maganin ciyawa ya kashe ganyayen da ƙwari ke ci, ƙwari suka ƙare, 'yan tsakin suka riƙa mutuwa da yunwa. Cikin shekara 50 tsuntsuwar ta ragu da kimanin kashi 90 cikin 100 a ƙasar. Da aka gwada barin 'yan taku kaɗan a gefen gona ba a fesa ba, sai 'yan tsakin da ke rayuwa suka ƙaru.

Garin da ake cuɗa iri da shi a yau, kamar Apron Star da ake sayarwa a 'yan ƙananan fakiti, yana ɗauke da wani sabon dangin magani mai kama da sinadarin taba. Shuka kan tsotse kaɗan, sauran ya bi ƙasa da ruwa. A 2014 masana a Holan suka nuna cewa a wuraren da ɗaya daga cikin dangin nan ya yi yawa a ruwa, tsuntsaye masu cin ƙwari suna raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin 100 kowace shekara. A 2018 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana amfani da uku daga cikinsu a fili. Mu tuna ruwan da ya fita daga gonakin Kadawa kogin Kano yake komawa, ya haɗu da Calawa ya zama kogin Haɗeja, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai kan zo su yi hunturu tare da namu kirinjijiya da dinya.

Haka batun fara. A shekarun 1986 zuwa 1989 an fesa magani ta jirgin sama a ƙasashen bakin Sahara saboda farin dango da ƙananan fara. Binciken da aka yi a arewacin Senegal a 1989 ya nuna tsuntsaye sun ragu a filayen da aka fesa, wasu sun ƙaura don abinci ya ƙare, 'ya'yan wasu kuma sun raunana. A Ajantina kuwa, a 1995 da 1996, wani irin shaho mai cin fara ya mutu har kimanin 20,000 bayan manoma sun yi feshi. Wa ya fi cin fara a ƙasarmu? Shamuwa da balbela da shirwa. Leburori ne da ba a biyansu ko kwabo, in an rage su kuwa fara ce ke samun sarari.

Inda maganar ta fi wuya shi ne wajen jan-baki, domin a nan tsuntsun da kansa ake nufi. Wannan ɗan tsuntsu nauyinsa kimanin giram 20 ne, amma an ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai miliyan 1,500, kuma garke mai miliyan 2 yana iya cinye tan 20 na hatsi a yini guda. Manoman shinkafa da gero a Kabi da Sakkwato da Jigawa da Yobe da Barno sun san shi farin sani. Kacala da ta cike fadamun Haɗeja ta zame masa ɗakin kwana. Akwai yara sa'anninmu da ba sa zuwa makaranta in shinkafa ta fara nuna, suna bisa rumfa tun asuba suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu. In abin ya yi tsanani gwamnati kan ɗauki jirgi ya bi su makwancinsu da magariba, ya fesa musu wani magani mai suna fentiyon, wanda aka fi sani da Queletox. Wanda gonarsa ta tsira ba zai ƙi yi wa jirgin nan addu'a ba.

Sai dai iska ba ta san jan-baki ba. Duk tsuntsun da ya kwana a wurin ya samu rabonsa. Da dare mujiya ta zo, da safe shirwa da shaho su sauko bisa waɗanda ke magagin mutuwa, su ci su ƙoshi, su ma su kamu. An ga haka a Kenya da Afirka ta Kudu. Mutane ma sukan kwashe, alhali naman da aka fesa wa wannan magani bai kamata ya shiga kasko ba. Wani abin mamaki kuma, an shekara fiye da 50 ana kashe jan-baki miliyoyi a Afirka, bai ragu ba. Wani masani, Peter Ward, wanda ya yi nazarinsa a ƙasar Barno ya buga a 1965, ya nuna ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce, kuma yunwa kan kashe da yawa a farkon damina lokacin da ƙwayar ta tsiro. Waɗanda jirgi ya kashe, da yawansu dā ma ba za su kai baɗi ba. Jan-baki kan saka ƙwai uku, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10, ya bi ruwan sama ya sake wata sheƙar a wani wuri cikin shekara guda. Shaho ba zai iya wannan tsere ba. Feshi yana tsirar da gonakin da ke kusa a wannan kaka, amma wanda ke jin jiki na dogon lokaci shi ne mai jinkirin haihuwa. A wajen tafkin Cadi akwai masu kama jan-baki da raga cikin dare, su soya su kai kasuwar Injamena. A ganina wannan dabara ta cancanci hukuma ta dube ta da kyau, tun da tana mai da annoba abinci.

Maganar jinkirin haihuwa ita ta kawo mu kan ungulu, wadda ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a mota yana ƙirga manyan tsuntsaye daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004. Ya tarar manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun nan tamu ta kasuwa cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A nan laifin ba na feshi ba ne, na mutanen da ke karkatar da maganin gona ne. Wani ya barbaɗa shi a mushe don ya kashe kura ko karnuka, ungulaye su taru su mutu gaba ɗaya. Wani kuma da gangan yake yi don ya sayar da kawunansu ga masu tsibbu. A Gini Bisau an kashe fiye da 2,000 ta haka zuwa farkon 2020, da yawa an tarar an yanke kawunan. Indiya ta riga mu ɗanɗana rashin ungulu, ko da yake can maganin shanu ne ya kashe su a shekarun 1990. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Hanyoyin rage ɓarna suna nan, wasu ma a kusa da mu aka samo su. A shekarun 1990 aka gwada wata irin funfuna a wajen Maine-Soroa ta Nijar, wadda ke kama fara ta kashe ba tare da ta cuci tsuntsun da ya ci farar ba, ana sayar da ita da sunan Green Muscle. A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fito da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda tsutsar kwanso ba ta iya masa, feshi biyu ya ishe shi maimakon shida ko takwas. 'Ya'yan darbejiyar da muke takawa a titunanmu, in an daka an jiƙa an tace, suna korar ƙwari da dama. Sauran kuwa kula ce: a tambayi malamin gona kafin a saya, a duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, a bi awon da aka rubuta maimakon a ƙara murfi guda don a tabbata, kada a yi feshi ana iska. Mu ma da ke birni abin ya shafe mu, domin a gidaje da yawa na unguwar nan ana fesa wa furanni da ciyawar ado magani ko ba a ga ƙwaro ba, a ƙarƙashin itatuwan da tsuntsayen ke sheƙa.

Da Baffa ya zo gidanmu kwanan baya na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe. Ya yarda zai sa yaransa su riƙa binne irin da ya zube, su kuma daina wanke famfo a cikin magudanar ruwa, domin wannan ba ya cin ko sisi. Batun barin gefen gona ba feshi kuwa, ya ce, "Ɗana, ciyawa ba ta biyan kuɗin makaranta, bari dai in ga abin da alkamar bana za ta yi." Malaminmu ya ce in mun sami mutum goma masu sha'awa, za mu soma ƙirga sheƙa a itatuwan makaranta da na titunan da ke kewaye da ita da zarar ruwa ya sauka, mu rubuta a littafi, waɗanda ke bayanmu su ci gaba kowace shekara. Mu shida muka ba da suna zuwa yanzu. Tsoho mai gadi ya ce ranar Asabar zai zaga da mu ya nuna mana itatuwan da shamuwa ke sauka a da, waɗanda ba a sare ba tukuna.